Aikin Manne: Daga Kwalin Airfix Zuwa Motar Kara a Haɗejiya

A shekarar 1949 kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da 'yar ƙaramar tarakta ta roba, samfurin Ferguson, daga baya kuma ya biyo da jirgin yaƙin Spitfire wanda mai saye ke harhaɗawa da hannunsa. Su Revell da Tamiya ta Japan suka shigo, abin ya zama wasan manya. A kowane kwali akwai takarda mai ɗauke da tuta da lambobi da tambari, an buga su a kan wata fata da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, ƙarƙashinta kuma gam ne mai narkewa a ruwa. A nan ake gane gwani.

Za a yanko lamba ɗaya, a tsoma ta a ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye a kan tsumma har gam ya saki. Ba a ɗaga ta da yatsa, naɗewa take yi. Zamo ta ake yi da jiƙaƙƙen buroshi daga takarda zuwa jikin jirgi. In ta daɗe a ruwa gam ya wanke, in an yi garaje ta yage. Babban abokin gaba shi ne iska: fenti mai garas-garas yana riƙe ta a ƙarƙashi, sai gefen lamba ya yi ƙyallin azurfa. Shi ya sa ake fara shafa fenti mai sheƙi. Akwai kuma ruwan laushi irin Micro Sol, wanda ke sa lamba ta yamutse kafin ta kwanta luf. Sabon shiga kan tsorata ya kai hannu, ya ɓata aikin da zai gyara kansa.

Yaron Haɗejiya bai jira kwali daga Ingila ba. Da kaka ta yi, kara ya wadata, sai ya fere ɓawo, ya yanka totuwa, ya ƙera irin manyan motocin da yake gani suna lodin shinkafa da tattasai da banda. Wani ya fi son langa-langa da gwangwanin madara, tayoyi kuma daga tsohon silifas. Ado yakan fito daga takardar alewa, kwalin ashana ko fastar 'yan siyasa, a manna da ƙaro, wanda Jigawa na cikin jihohin da ke samar da shi. Ƙaro ma ruwa ke narkar da shi, saboda haka yaron ya san matsalar mai Spitfire: ya yi yawa takarda ta jiƙe, ya yi kaɗan gefe ya tashi.

Wanda ya fi kusa da aikin mai Spitfire shi ne mai sitika na babur da adaidaita sahu. Ƙwararre yakan fesa ruwan sabulu a jikin ƙarfe don babbar sitika ta zame zuwa mazauninta, ya kori ruwan da tsohon kati daga tsakiya zuwa gefe, ya huda ƙurjin iska da allura. Sai dai yanayin Haɗejiya ba ya yi masa sauƙi. Ƙurar hunturu tana hawa gam tun kafin sitika ta taɓa ƙarfe. A bazara, zafi kan haura digiri 40, ƙarfe ya yi jau, sitika ta miƙe ta karkace, don haka aikin sassafe ne ko na inuwa. A damina kuwa, a ƙasar fadama da ta shimfiɗu har Nguru, babur ɗin da ya sha keta ruwa, kamar a ambaliyar 2022, shi ke tona asirin wanda bai goge maiƙo ba kafin ya manna.

Inda mai kwali da mai adaidaita suka rabu shi ne manufa. Mai kwali kwaikwayo yake yi: takardar kamfani ta nuna masa mazaunin kowace lamba, ana auna gwanintarsa da kamannin aikinsa da jirgin asali. Mai adaidaita kuwa magana yake yi, da hoton shehinsa, ko tambarin Arsenal, ko habaici ga maƙiya. A ganina na biyun ya fi rai, ko da na farkon ya fi tsafta.

Amma wannan fifiko yana raguwa. Sitikar kwamfuta iri ɗaya ce a Kano da Gumel da Haɗejiya, ta kuma rage wa masu rubutun mota da fenti ciniki, waɗanda a da ake gane hannun kowannensu daga nesa. Motar roba ta Sin ita ma tana zuwa da adonta a manne tun daga masana'anta, a karkace ma wani lokaci, kuma yaron da aka saya wa ita ba shi da dalilin neman ƙaro.