Masu Canza Taga a Manchok: Aikin da Ido da Tef Ke Yi Kafin Guduma

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, gyaran gida kan kankama a Manchok da ƙauyukan ƙasar Moroa. 'Ya'yan gari da ke aiki a Kaduna, Jos da Abuja suna aiko da kuɗi domin a kintsa gidan iyaye kafin Kirsimeti da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Fenti da sabon kwano su ne ke ɗaukar idon baƙo, amma a ganina aikin da ya fi nuna gwaninta shi ne cire tsohuwar taga a sa sabuwa, bango bai tsage ba.

Sa taga a sabon gini abu ne mai sauƙi, tunda birkila ya bar rami daidai awo, ƙafa huɗu-huɗu a ɗaki, biyu-biyu a banɗaki. Tsohon gida ba ya bin wannan ƙa'ida. Wani da bulon laka aka gina shi aka shafe da siminti, wani kuma an yi masa ƙari sau biyu ko uku, kowane magini da irin hannunsa. Katakon tsohuwar tagar gara ta cinye cikinsa, fenti ne kawai ke rufa masa asiri. Shi ya sa gwanin ba ya zuwa da guduma ranar farko. Tef yake kawowa, da fensir a kunne.

Yadda yake awo abin kallo ne. Faɗin ramin sai ya auna sama, tsakiya da ƙasa, tsayin ma haka, sannan ya ɗauki mafi ƙanƙanta daga ciki, ya rage kamar santimita 1 domin firam ɗin ya shiga ba tare da an tilasta shi ba. Daga nan ya ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu suka zo ɗaya, ramin a miƙe yake. In suka saɓa, to bangon ya karkace, kuma gara a sani yanzu da a sani bayan an yanka gilashi, don gilashi ba a yi masa ƙari. Kowane rami da lambarsa a takarda, ko da ido ya ce duk girmansu ɗaya.

Sai ya ƙwanƙwasa saman ramin ya saurara. Linta yake nema, wato kankaren nan mai rodi da ke ɗauke da nauyin bangon sama. A gidaje da dama na da, babu ita. Katakon tagar ne ke riƙe da bulon da ke kansa shekara da shekaru. Wanda bai sani ba ya fizge katakon, bangon ya biyo shi. Gwani zai tokare wurin, ya zuba linta, ya bar ta ta yi ƙarfi, sannan a yi zancen taga. A nan ne ake samun saɓani da mai gida, wanda ke ganin ana neman ƙara masa kuɗi ne. Mai aikin kirki yakan ce, "Baba, zo ka taɓa da hannunka," ya bar katakon da ya rube ya yi bayani.

Wajen zaɓi kuwa, yanayin garin ne alƙali. Manchok tana gindin tudun Filato, kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta bi Kagoro ta haura Ganawuri. Damina a nan tana kai wa wata shida ko fiye, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. In hunturu ya shigo, ga ƙura ga sanyin asuba. Tagar luba, mai jerin yankakken gilashi, tana shigar da iska sosai kuma tana da araha, amma ba ta rufuwa ruf: ƙura na bi ta tsakanin gilasan, ruwan da iska ta koro ma haka. Ta alminiyam mai zamewa gefe, wadda ake ce wa silaidin, ta fi tsare ƙura, sai dai rabinta kaɗai ke buɗuwa, abin da mutum zai ji a jikinsa cikin zafin Maris. Mai buɗewa waje kamar ƙofa tana ba da iska gaba ɗaya kuma tana manne roba in an kulle, amma ta fi tsada, kuma in aka bar ta ba a saƙale ba iska na iya fasa ta. Don haka ba dole ne gida ya sa iri ɗaya a ko'ina ba. Bangon gabas a ba shi wadda ke rufuwa da kyau, kicin kuma luba ta ishe shi saboda hayaƙi. Ni dai duk mai aikin da ya tambaye ka ta ina ruwa ke dukan gidanka kafin ya faɗi farashi, ka riƙe shi.

Akwai kuma abin da ido ba ya rabewa a shago. Alminiyam kauri-kauri ne. Marar kauri yana lanƙwasa in ka matsa shi da yatsa. Gilashi mai milimita 5 ya fi mai 4 jure jijjiga a babbar taga. Tayoyin da ke ƙarƙashin silaidin su ne ke fara mutuwa, don haka a duba su. Raga kuwa ba ado ba ce a ƙasar da sauro ke damun mutane duk damina.

Ranar sawa, sai gwanin ya zaunar da firam ɗin kan 'yan guntayen katako, ya ɗora ma'aunin nan mai kumfar ruwa a kwance da tsaye, yana ɗan bubbugawa har kumfar ta tsaya a tsakiya. Ba ya ɗaurewa sai ya gwada buɗewa da rufewa. A ƙasan firam ɗin silaidin akwai ƙananan huda da ruwa ke fita ta ciki. Dole su kalli waje, kuma kada siminti ya toshe su. Wanda ya juya su ciki ya yi wa ɗaki magudana. Dandamalin ƙasan tagar ana ɗan gangarar da shi waje, a bi gefuna da silikon. Ledar da ke jikin alminiyam ba a ɓare ta sai an gama filasta, domin ɗanyen siminti yana cin alminiyam ya bar tabon da ba ya goguwa. Bayan haka a riƙa yayyafa wa sabon simintin ruwa na 'yan kwanaki, musamman a hunturu da iska ke busar da shi kafin ya kama.

Saura ƙarfen tsaro, wanda aikin mai walda ne, kuma kusan babu mai sa taga yau ba tare da shi ba. Yana hana ɓarawo shiga, amma in gobara ta tashi ta tare ƙofa, shi ne ke hana mutanen gida fita. Masu gida, in za ku ba da aikin, ku ce a yi wa aƙalla taga ɗaya a ɗakunan kwana ƙarfe mai buɗewa daga ciki, a rataye makullin inda yara da tsofaffi za su kai hannu ko a cikin duhu.