Jinjina ga Masu Haɗa Sauti

Waƙar da ke tashi a wayar mai shayi ranar kasuwar Dakoro ta bi ta hannun wani mutum da ba a ambaton sunansa. Shi nake yi wa jinjina yau, mai haɗa sauti, ko a Maraɗi yake ko a Kano.

A gabansa akwai tsohuwar mikisa mai maɓallai, a gefe kuma kwamfuta mai Cubase ko FL Studio. Kalangu ba ya tsayawa a murya ɗaya, da makaɗi ya matse tsirkiya sai amo ya hau. Don haka gwanin yakan fara shigar da shi ta mikisa, yatsunsa a kan maɓalli, idonsa a kan jar fitila, yana sassautawa kafin sauti ya fashe. Gurmi ma haka, a rage masa kaifi kaɗan, kaurinsa ya fito.

Daga nan sai kwamfuta ta karɓa. A yanke tari, a share ƙarar janareta, a daidaita 'yan amshi. Allah ya ƙara basira, malam, don ko a ƙaramar sifikar waya kalangun nan yana magana sarai.