Masu Koya wa Sabon Dogo Tsufa

A garin Beaconsfield na ƙasar Ingila akwai wani ƙauyen kallo mai suna Bekonscot, wanda Roland Callingham ya gina a lambunsa, aka buɗe shi ga jama'a a 1929. Gidajen ba su wuce ƙugun mutum ba, ga kuma 'yan jiragen ƙasa suna ratsa su a fili, ruwa ya dake su, rana ta dake su. Wannan sha'awa ta shimfiɗa ɗan dogo a lambu ta ƙara bazuwa daga 1968, lokacin da kamfanin Lehmann na Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen LGB, masu tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45, an rage girman komai sau 22.5. Jirgin kam kuɗi ke sayensa. Gwanintar tana wajen shimfiɗa layin.

Mai ginin yakan fara da turaku da igiya, ya zana hanyar a ƙasa. Sai ya ɗauko ma'aunin magina, mai ɗigon ruwa a ciki, domin ɗan jirgi ba ya son hawa. Idan hanya ta tashi fiye da santimita 2 ko 3 a kowace mita, kan jirgin zai yi ta murza ƙafa a wuri ɗaya, taragu na janye shi baya. Kwana ma sai ta yi faɗi. Mai kaifi tana tuntsurar da dogon tarago.

Daga nan sai ya haƙa rami marar zurfi, ya shimfiɗa wani yadi mai hana ciyawa tsirowa amma ruwa na wucewa, ya zuba tsakuwa. Ba kowace tsakuwa ba. Ta rafi, mai sulɓi, mirginawa take yi. Wadda inji ya farfasa, mai kaifin baki, ita ce ke cije juna ta riƙe layin. Wasu ma tsakuwar da ake ba kaji suke saye, saboda girmanta ya dace da ɗan dogon. Ba ya ɗaure layin tamau, sai ya bar shi ya kwanta cikin tsakuwar kamar na gaske, domin tagullar da aka yi ƙarafan da ita tana miƙewa da zafi: mita 10 na iya ƙaruwa da kusan milimita 6 idan zafi ya hau da digiri 30. Wanda ya ƙi barin 'yar kafa a mahaɗa, ranar da aka kwalla rana zai tarar layinsa ya lanƙwashe kamar maciji.

Yanzu ga inda abin ya fi burge ni. Sabon dogo yana fitowa daga kwali yana walƙiya kamar awarwaron amarya, katakan da ke ƙarƙashinsa kuma na roba ne, launinsu ɗaya. Kowa ya gani ya san kayan wasa ne. Don haka sai gwani ya zauna ya ba shi shekaru da burushi.

Da farko yana wanke maiƙon masana'anta da ruwa da sabulu, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Sai ya haɗa launin tsatsa: ruwan ƙasa, ɗan ja, ɗigon baƙi, fentin marar sheƙi mai jure rana. Gefen ƙarfen kawai yake shafawa, ciki da waje. Kafin ya bushe, sai ya naɗa tsumma a yatsa ya goge saman tas. Dalili biyu ne. A dogon gaske ƙafar jirgi ce ke goge saman kullum, shi ya sa yake ƙyalli alhali gefensa ya yi jawur. Na biyu, yawancin waɗannan jirage ta saman ƙarfen suke shan wutar lantarki. Ɗigon fenti ɗaya ya isa ya tsayar da su cak. A mararraba, inda harshen ƙarfe ke motsi don sauya wa jirgi hanya, yakan rufe wurin da salatif tukuna, kada fenti ya manne shi.

Katakan kuwa, sai ya tsoma burushi a fenti ruwan toka, ya goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan ya bi su sama-sama, zanen itace ya fito kamar wanda ya sha rana shekara talatin. Ba ya yi musu launi ɗaya. Nan da can yakan bar guda da duhunsa, wai sabo ne da leburori suka canza. A tasha, inda kan jirgi ke tsayawa, yana ɗiga baƙi tsakanin ƙarafan, madadin baƙin mai da tokar kwal. Layin gefe da ba a cika bi ba, shi har samansa yakan bari ya dushe.

Mai gaggawa yakan fesa launi ɗaya daga farko har ƙarshe ya koma kujera, layinsa ya fito kamar an tsoma shi a miya. Gwani kuwa ya riga ya yi sa'o'i tsugune a bakin dogon gaske yana ɗaukar hoto, ya san inda tsatsa ke taruwa a gindin kusoshi. Bayan haka damina da rani su ƙarasa masa aikin, tagullar da ya goge ma ta riƙa yin duhu da kanta, shi kuma kowace safiya ya bi layin yana tsince ganye.

Mu ma dogo ya iso Kano tun 1911. In ka zo tsallaka tsohon layi a Zariya ko Kaduna, ɗan dakata ka dubi ƙasa, ka ƙirga launi nawa ne a jikin ƙarfe ɗaya.