Allura da Alƙalami: Sharhi a Kan Tafarkin Binciken Janet Arnold

An saba ɗaukar maɗinkin tufafin wasan kwaikwayo a matsayin ɗan aike, wanda mai tsarawa zai miƙa wa zane ya yanka ya ɗinka. Littattafan Janet Arnold, Baturiyar Ingila da aka haifa a 1932 ta rasu a 1998, sun rushe wannan zato. Hujjarsu ita ce tufa shaida ce ta tarihi, kuma wanda ya san yadda ake yankan ƙyalle ya fi kowa cancantar karanta ta. A kan wannan hujja jami'o'i da dama suke horar da ɗaliban babban digiri a fannin ɗinkin tufafin dandamali, don haka ya dace a auna ƙarfinta da rauninta.

Ginshiƙin aikinta shi ne jerin *Patterns of Fashion*. Juzu'i na farko ya fito a 1964, na biyu a 1966, na uku kuwa, mai magana kan tufafin wajajen 1560 zuwa 1620, a 1985. Arnold kan shiga gidajen adana kayan tarihi, ta auna tsohuwar riga gaɓa-gaɓa, ta duba shafinta da kalmasarta da sawun allurar da aka warware, sannan ta zana kowane yanki a takarda mai layuka bisa ma'auni, yadda wani tela zai iya faɗaɗa zanen ya sake ɗinka rigar. Nan darajar tafarkin take: sakamakonsa yana karɓar gwaji. Idan ma'aunin ya yi ƙarya, hannun riga zai ƙi zama a kafaɗa.

Fasaha ta biyu ita ce gwama majiyoyi. An daɗe ana cewa Eleonora ta Toledo, matar Cosimo na gidan Medici a Florence ta Italiya, wadda ta rasu a 1562, an binne ta da ƙasaitacciyar rigar da Bronzino ya zana ta da ita. Nazarin tufafin kabarinta, wanda Arnold ta taka rawa a cikinsa, ya nuna wata riga ce dabam. Gani ya kori ji, amma ganin zane ma ba ya wadatarwa sai an taɓa ƙyallen. Haka a *Queen Elizabeth's Wardrobe Unlock'd* na 1988 ta bi kundin ƙidayar tufafin Sarauniya Elizabeth ta Farko na shekarar 1600, ta haɗa shi da hotuna da takardun masu ɗinkin fada.

Tafarkin ya haifi ɗa mai ido. Jenny Tiramani, wadda ta kammala juzu'i na huɗu tare da Santina Levey a 2008, ta tufatar da 'yan wasan *Twelfth Night* a gidan wasa na Globe da ke Landan a 2002 da tufafin ɗinkin hannu irin na zamanin Shakespeare. Nauyin rigar da tsaurinta suka koya wa ɗan wasa yadda zai taka da yadda zai rusuna. Tufa ta zama malamar jiki.

Sai dai akwai giɓin da bai kamata yabo ya rufe shi ba. Rigar da ta rayu shekara ɗari huɗu galibi ta sarauta ce ko ta attajiri. Ta talaka kuwa an sa ta har ta tsufa, an yanke ta ga yaro, an mai da ita tsumma. Binciken da ya dogara ga abin da ya tsira zai cika dandamali da sarakuna masu tufafin gaskiya da bayi masu tufafin ƙage. Na biyu, takarda mai layuka tana kama yanka, amma ba ta kama yadda mai riga ke yafa ta, ko abin da launinta ke nufi ga maƙwabcinsa. Na uku, daidaito da tarihi ba shi ne gaba ɗayan wasa ba, domin ɗan kallo ma'ana yake nema, ba ƙidayar zare ba.

Wannan giɓi ya fi fitowa fili inda al'ada ta fi ajiya a hannun masu sana'a fiye da cikin akwati. David Heathcote, wanda ya kammala kundin digirinsa na uku kan aikin surfani a tufafin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1979, bai tsaya ga tsofaffin riguna kaɗai ba, sai da ya zauna da masu allura. Sanin abin da ya raba aska biyu da aska takwas yana bakin maɗinki kafin ya shiga littafi.

Saboda haka gadon Arnold ɗabi'ar tuhuma ce, ba tarin ma'aunai ba. Ɗalibin da ya kwafi zanenta kawai ya ari rigar wani. Wanda ya gaje ta da gaske shi ne mai tambayar kowace majiya: wa ya ajiye ki, don me, kuma rigar wa aka bari ta ruɓe?