"An yanke", in ji tafinta

Kakana ya rasu ya bar gonaki uku, da mata ɗaya, da ɗiya maza biyu, mata uku. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san lissafin nan ba ya da wuya. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta gama shi: matar ta ɗauki tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, sauran bakwai ɗin kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Ko ragowa babu. Amma yau gwaggona ba ta da ko taki ɗaya cikin gonakin nan, kuma takardar kotu ce ta tabbatar da hakan.

Ga yadda abin ya faru. An fara zama gaban sarki, kamar yadda aka saba da rigimar gona. Aka ce mata su bar ƙasa hannun maza. Gwaggo ta ɗauka aro ne: su noma, kaka ta yi su kawo mata dammunanta. Ta dangwala yatsa. Takardar kuwa da Faransanci take, kuma abin da ke ciki shi ne ta yafe rabonta. Da dammunan suka daina zuwa ta kai ƙara, alƙali ya duba takardar sulhu ya tsaya a kanta. Tafinta ya juyo ya ce mata: "Inna, an yanke." Ta koma gida da niyyar ta dawo bayan girbi. Kafin nan wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce.

Ni ɗalibin harshe ne, don haka kalmomin nan biyu suka tsaya mini a wuya. "An" lamiri ne mai ɓoye wanda ya yi aiki. "Yanke" kuma, mu da muka sha wahalar giredin aikatau na Parsons mun san na huɗu ne, mai nuna an yi abu ƙarƙaf. To a nahawu tafinta bai yi ƙarya ba. Sai dai a bakin mutanenmu ana yanke magana da safe a sake ta da marece in wani dattijo ya sa baki. Abin da Faransanci ke kira chose jugée ƙofa ce mai rufewa da ranarta, in ta rufe ko alƙalin da ya yanke ba ya iya buɗe ta. Wannan ranar ce ba wanda ya faɗa wa gwaggo.

Kalma ta biyu ta fi ci mini rai. Tun dokar 1962 kan tsarin shari'a, har wadda ta maye ta a 2004, kotunan Nijar kan bi coutume ta masu shari'a a batun aure da gado, alƙali na zaune da mataimaka masana wannan fanni. Mu kuma muna fassara ta da "al'ada". To wace? Fiƙihun Malikiyya da ke cikin Risala, mai ba mace rabonta, ko kuwa al'adar ƙauye mai cewa mace ba ta gadon gona tunda gidan wani za ta? Kalma ɗaya ta rufe abubuwa biyu masu karo da juna, kowa ya ɗaga wadda ta yi masa daɗi. Baffannina a masallaci Malikawa ne, a gona kuwa ƴan gargajiya.

Kada a ce ina so a bar shari'a ba ƙarshe. A'a wallahi. Na ga gidan da jikoki ke shari'ar da kakanni suka fara, gonar ta zama saura, ba mai nomanta. Musulunci ma ya san amfanin rufe magana. Malaman gado na ba da labarin Sayyidina Umar: ya hana shaƙiƙai rabo a wata mas'ala, daga baya irinta ta sake zuwa ya haɗa su da ƴan'uwa na wajen uwa cikin sulusi, amma bai koma ya warware ta farko ba. Sai dai waɗancan sun ji hukuncinsu da harshensu. Kuma hadisin Ummu Salama na nan cikin Buhari da Muslim, mai gargaɗin cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali haƙƙin ɗan'uwansa ne, wuta aka yankar masa. Hatimin kotu na kashe ƙara, ba ya halatta gona. Wannan ɓangaren ba na jin ana karanta wa baffannina shi.

Mu ma ƴan lakwal da namu laifin. Ranar da aka dangwala yatsan nan ina Yamai ina haddar bishiyar jimla. Da na zo hutu na karanta takardar cikin minti biyar, na gane abin da gwaggo ta yi shekara ba ta gane ba. Ta ce: "Ɗana, mi ta ce?" Na fassara mata layi bayan layi, har wurin da aka ce ta yafe da yardarta. Ta yi shiru, sannan ta ce in sake karanta mata wurin, a hankali.