Moon Safari da Zargin Kiɗan Ɗakin Baƙi

Moon Safari shi ne cikakken kundin farko na Air, wato Nicolas Godin da Jean-Benoît Dunckel, 'yan garin Versailles na Faransa. Ya fito a Janairun 1998, shekara guda bayan Homework na Daft Punk, lokacin da kiɗan lantarki na Faransa ke tashe a gidajen rawar Turai. Air kuwa ba rawa suka zo da ita ba. Ana tsakiyar rububin kwamfuta, su suka koma ga tsofaffin kayan kiɗa irin su Moog da Korg MS-20 da Fender Rhodes da Solina, suka zana gobe kamar yadda mutanen zamanin zuwa duniyar wata suka hango ta.

Ingila ta riga ƙasarsu rungumar aikin. Kundin ya kai mataki na 6 a jerin kundayen da aka fi saye a can, "Sexy Boy" ta cika gidajen rediyo, "All I Need", wadda Ba'amurkiya Beth Hirsch ta rera, ta zauna a bakin masoya. Farin jinin ne ya jawo zargin. Da kundin ya shiga shaguna da wuraren shan kofi, sai wasu masu sharhi suka ce kiɗan ɗakin baƙi ne, wanda ake kunnawa don kada shiru ya yi yawa. Wasu suka ce kwaikwayon shekarun 1970 ne kawai aka yi wa sabon fenti. Zargi na biyu ba ya buƙatar dogon martani, domin Air ba su ɓoye iyayen gidansu ba. Jean-Jacques Perrey, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan Moog, da shi aka rubuta "Remember".

Zargi na farko kuwa, jitar bes ta Godin ce ke rushe shi. A yawancin kiɗan lantarki na wancan lokaci na'ura ce ke buga bes, tana maimaita gaɓa ɗaya ba ƙari ba ragi. A "La Femme d'argent", wadda ta buɗe kundin, hannu ne ke bugawa. Waƙar ta fara da ƙarar ruwan sama, ganga ta shigo, sai bes ya karɓi jagoranci har tsawon kusan minti bakwai, ba tare da an rera ko baiti ɗaya ba. Sautinsa gajere ne, dunƙulalle, ba ya jan wutsiya. Yakan kafa jimla, ya koma kanta, amma ba ya dawowa daidai yadda ya tafi: wani zagayen ya haura sama ya ƙara 'yar kwalliya, wani ya ɗan jinkirta kafin ya sauka. Rhodes na shimfiɗa masa wuri, Moog na shawagi a sama, amma duk wanda ya tashi yin gunjin waƙar daga baya, layin bes ne zai fito daga bakinsa. Kamar mai jan baki ne a gaban 'yan amshi, sauran kayan kiɗan duk shi suke bi. A "Talisman" ma haka ne: kiɗan goge da David Whitaker ya tsara, aka naɗa a ɗakin naɗar kiɗa na Abbey Road, yana ta hauhawa, bes na riƙe da ragamarsa. Asalin wannan salo yana cikin Histoire de Melody Nelson na Serge Gainsbourg, na 1971, kuma Godin ya gaje shi da kyau. Kiɗan da aka yi don a manta da shi ba a wahalar da hannu haka a kansa.

Nan ne ma masu yabon kundin suka yi kuskure, da suka tattara hankalinsu kan tsofaffin na'urori da muryar da na'urar vocoder ta sauya. Na'urorin kowa na iya saye, kuma da yawa sun saya, suka cika kasuwa da kundayen kwantar da hankali da ba wanda ke tunawa da su yau. Abin da ya gagare su shi ne hannun.

Masoya sun riƙe kundin gam, har riƙon ya zame wa Air nauyi. Masoyan sun karɓi kiɗan da Air suka yi wa fim ɗin The Virgin Suicides a 2000, amma 10 000 Hz Legend na 2001, mai duhu da kaushi, ya raba kansu. A 2024 Godin da Dunckel suka zagaya ƙasashe suna buga Moon Safari daga farko har ƙarshe, tare da mai ganga a kan dandali, bes kuma a hannun Godin.