Bandcamp, kasuwar da waƙa ke zama taka

Jama'a, duk mai son waƙa tsakani da Allah ya zo in kai shi Bandcamp! Wannan kasuwa ta intanet, da aka buɗe a Amurka a 2008, ta gama da ni gaba ɗaya.

Ka biya, ka sauke, waƙa ta zama taka halak malak. Babu kwaɗon nan da ake kira DRM, wanda kamfanoni ke garƙama wa waƙa don kada ta buɗu sai a cikin manhajarsu. In wayarka ba wuri ka ɗauki MP3. In kuma kunnenka na son sauti garau, wanda ba a tauye masa komai ba, ga FLAC. Zuba a memori, kunna a mota, ajiye a kwamfuta, ko da data ko babu. A Spotify kuwa ɗan haya ne kai: ranar da ka kasa biyan kuɗin wata, abin da ka sauke ya rufe.

Amma abin da ya fi tsuma ni shi ne namu da na tarar a ciki. Ku leƙa shafin Sahel Sounds, kamfanin Christopher Kirkley. Nan za ku sami Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da ya fito a 2013. Nan Mamman Sani na Nijar yake, da kiɗan organ ɗinsa na 1978, wanda a da sai mai rabo ke ganin kaset ɗinsa. Kai, wannan kiɗa yana ratsa jiki! Ga Les Filles de Illighadad, 'yan matan Abzinawa masu jita da gangar tende. Ga kuma Mdou Moctar, wanda waƙarsa ta yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin ta shiga kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, duniya ta san da shi.

Kuɗin ma hanyarsa a bayyane take. Bandcamp na cire kashi 15 cikin 100, sai ɗan abin da masu sarrafa kati ke ɗauka, saura na mawaƙi ne ko kamfaninsa. Tun watan Maris na 2020, lokacin da korona ta hana wasa, Bandcamp ta ware wasu Juma'o'i da ba ta karɓar ko sisi. Wasu mawaƙan ma kai suke bar wa farashi, ka ba da abin da ya sawwaƙa.

Akwai wasu kasuwannin halal: iTunes ta cire DRM daga waƙoƙinta a 2009, Qobuz ta Faransa ma na sayarwa ba kwaɗo. Madalla da su. Sai dai ni a Bandcamp nake jin hannuna ya kai ga na mawaƙi. Galibi da dala ko yuro ake biya, don haka ka tanadi katin da ke aiki a waje, sannan ka fara da Mamman Sani.